Hurub Ɗin da Aka Rubuta Mini a Tashar Kudu

Daga:
Sha'aban Bashari Malumfashi,
Ma'aikacin tsafta, rukunin safe, tashar ƙarshen layi ta kudu,
Masaukin ma'aikata, Unguwar Al-Shifa, Riyad.

Zuwa ga:
Injiniya Kamil Luqman,
Jami'in Kula da Ma'aikatan Najeriya,
Kamfanin Rukunul Masar na Tsaftar Tashoshi, Riyad.

Lahadi, 4 ga Jimada Awwal 1447, daidai da 26 ga Oktoba 2025.

GAME DA: RAHOTON GUDU DAGA AIKI DA AKA SHIGAR A KAINA BA BISA GASKIYA BA

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum warahmatullah. Bayan gaisuwar girmamawa da fatan kana lafiya tare da iyali, ina neman izinin gabatar da kukana a gabanka. Na rubuta da Hausa ne domin Larabcina na aiki ne da kasuwa, ba zai ɗauki magana irin wannan ba. In ana bukatar a juya ta don ofishin mudir, na amince da duk yadda ka juya.

1. Yallaɓai, ni ba baƙon wannan layi ba ne. Na shigo ƙasar nan a shekarar 2015 a matsayin lebura, lokacin da hanyar jirgin ba ta wuce ramuka da shingayen kwano ba. Na ɗauki ƙarfe a inda layin ya hau kan ginshiƙai a kudancin gari, na kuma yi aiki a ƙarƙashin ƙasa wajen tsohon gari, inda mutum ke shiga da safe bai san rana ta faɗi ba sai ya fito. A wancan zamani, in muna son zuwa Batha ranar Juma'a mu aika saƙo gida, cunkoson mota ne ke cinye mana rabin hutun. Da aka buɗe layin a Disambar 2024, aka mayar da iƙamata ƙarƙashin wannan kamfani, aka ba ni tsintsiya da keken shara a tashar da nake yanzu. Ban taɓa ganin hakan a matsayin ci baya ba. Kullum ina kallon jirgin yana tashi ba direba, cike da ma'aikatan asibiti da ɗalibai da 'yan kasuwar Utaiqa, iyalai a taragonsu, maza a nasu, in ce a raina da hannuna a ciki. A duk tsawon wannan lokaci ba a taɓa ba ni takardar gargaɗi ba. Ana iya dubawa.

2. Ranar Talata, 14 ga Oktoba, da hantsi, ina share bakin dandamali. Akwai wani dattijo mai suna Malam Buraima, mutumin Maraɗi, wanda ya zo ziyarar ɗansa Bachir da ke aiki a kasuwar kayan lambu ta Utaiqa. Ba ya jin Larabci ko kaɗan. Tun ranar da ya ji ina Hausa da abokin aikina Basiru, ba ya wucewa sai ya tsaya mun gaisa, kuma bai daina tambayata wane ne ke tuƙa jirgin a ɓoye ba. A ranar ya gaishe ni kamar kullum, ya taka cikin tarago, sai na ga ƙafarsa ta hagu ta ƙi binsa, jikinsa ya karkace zai faɗi da ka a kan ƙarfen riƙewa. Na saki tsintsiyar na tare shi. Kafin in ɗago, ƙofa ta rufe, jirgi ya tashi da ni a ciki.

Ina roƙon a lura da wannan wuri, ranka ya daɗe. Ban shiga jirgin da niyyar tafiya ba. Tsintsiyata na nan yashe a dandamali, wayata kuma na cikin akwatin ajiya, domin dokar kamfani ta hana mu riƙe waya a bakin aiki, kuma ni mai bin dokar ne.

3. Wani fasinja ya danna maɓallin kiran gaggawa, aka amsa mana cewa motar asibiti za ta same mu a tasha ta gaba. Haka aka yi, ba a ɓata lokaci ba. Amma bakin dattijon ya riga ya karkace, maganarsa ba ta fita sai an kai kunne, hannunsa na dama kuma ya damƙe rigar aikina ya ƙi saki. Ma'aikatan motar suna tambayar ko yana da hawan jini, ko yana shan magani, yaushe abin ya fara, ba wanda zai gaya musu sai ni. Babbansu ya ce in biyo su. Na gaya masa ina bakin aiki, na nuna masa sunan kamfani a ƙirjina. Jami'in wannan tasha ya rubuta sunana, ya ce zai kira tasharmu ya sanar. Da wannan na shiga motar.

An kai shi asibiti a Al-Shumaisi. Ni na tsaya tsakaninsa da likitoci. Lambar wayar ɗansa ma sai da ya yi ta faɗa mini ita ɗaya bayan ɗaya, yana ɓacewa yana dawowa, kafin ta cika a kira shi. Ban bar wurin ba sai da Bachir ya iso, wata nas 'yar Zariya, Malama Bilƙisu, ta karɓi fassarar. Daga nan ban tsaya ko'ina ba, ko abinci ban nema ba. Na koma tasha bayan la'asar.

4. Da na isa, shugaban rukuninmu, Mushrif Mustapha, bai bari na ƙarasa ko jimla ɗaya ba. Ya karɓe katin aikina a gaban sauran ma'aikata, ya ce in koma masauki sai an neme ni. Na roƙe shi ya kira asibitin, ya ƙi. Na roƙe shi ya rubuta mini cewa shi ne ya ce in zauna, ya ce shi ba magatakardana ba ne.

Duk da haka, washegari na yi sammako na zo, haka ma jibi. Mai gadin ƙofar ma'aikata ya hana ni shiga, kuma ban ga laifinsa ba, domin ba a shiga sai da kati. Na tsaya a waje da kayan aiki a jikina har rukunin safe ya tashi. Mushrif ya wuce ni sau biyu bai dube ni ba.

5. Ranar Litinin, 20 ga Oktoba, saƙo ya shigo wayata cewa an rubuta ni cikin waɗanda suka bar aiki ba a san inda suke ba, abin da muke kira hurub. Da na kira ofis, aka ce rahoton mushrif ne ya nuna ban zo aiki ba tun ranar Talata, kuma ba a same ni ba.

Ranka ya daɗe, a ina aka neme ni? Ina kwana a ɗakin da kamfani ya ba ni, a kan gadon da kamfani ya ba ni. Wanda ya ce ban zo aiki ba, katina na cikin aljihunsa.

6. Akwai abin da ban so in faɗa ba, amma ya zama dole. Jami'in waccan tasha ya cika alkawarinsa, ya kira tasharmu tun kafin motar asibiti ta tashi. Basiru ne ya ɗauki kiran, domin a wannan safiya mushrif ba ya tasha, bai iso ba sai bayan azahar. Basiru ya isar masa da saƙon da ya zo. Ba ni da masaniyar inda ya je, kuma ba hurumina ba ne in tambaya. Kowa na da uzurinsa. Abin da na sani shi ne, in aka rubuta abin da ya faru yadda ya faru, za a tambayi wanda ya karɓi kiran. In aka rubuta cewa na gudu, ba za a tambayi kowa komai ba. Basiru ya yarda in ambaci sunansa, duk da cewa yana tsoro, kuma tun makon jiya aka mayar da shi wanke banɗaki shi kaɗai. Ina roƙon kada abin da ya same ni ya shafe shi.

7. Kai ma ka san abin da wannan rahoto yake nufi ga mutum irina. Tun ranar da saƙon ya zo ban taka ƙofar masauki ba. Salla a ɗaki nake yi. In mota ta tsaya a waje, sai in ji gabana ya faɗi har sai ta wuce. An riga an amince mini da hutu a watan Rajab don in je in ga mahaifiyata, wadda idonta ya kusa rufewa; yanzu ba zan sami izinin fita da dawowa ba. Matata Sabuwa tana kira kullum tana tambayar ranar da zan sauka, ina ce mata ana kan shiri. Ban saba yi mata haka ba.

Malam Buraima ya rasu ranar Laraba, 22 ga Oktoba. Allah Ya jiƙansa. Ɗansa ya zo har masauki da kansa, ya ce mahaifinsa ya yi ta tambayar mai sharar tasha kafin bakinsa ya rufe gaba ɗaya, kuma yana so in tsaya a sahun gaba wajen salla. Na sa takalmi, na kai bakin ƙofa, na kasa fita. Bachir ya tafi shi kaɗai. Yallaɓai, na riƙe kan mutumin nan a cinyata tun daga cikin jirgi har gadon asibiti, amma ban raka shi kabarinsa ba, saboda wata magana da aka rubuta a kaina wadda ba ta faru ba. Ka yi mini afuwa in na fita daga tsarin takarda a nan.

8. Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon abubuwa kamar haka.

Na farko, a nemi hotunan kyamarar dandamalin tasharmu na safiyar 14 ga Oktoba, da na ƙofar ma'aikata na ranakun da suka biyo baya. An gaya mini ba a ajiye su har abada, don haka ina roƙon a yi wannan kafin komai.

Na biyu, a ji ta bakin Basiru a inda mushrif ba ya zaune. Bachir da Malama Bilƙisu duk sun ce za su zo ofishinka duk ranar da ka kira su.

Na uku, kamfani ya janye rahoton hurub tun kafin wa'adin janyewa ya ƙure, a mayar mini da katina, in koma bakin aikina.

Ban nemi a kori kowa ba, ban kuma nemi lada kan abin da kowane Musulmi zai yi ba. In bayan bincike kamfani ya ga cewa barin dandamali laifi ne ko da don ran mutum, to a hukunta ni a kan wannan, zan ɗauka. In ma an ga dole sai an sallame ni, a sallame ni da rana tsaka, a ba ni takardata in fita ta filin jirgi kamar yadda na shigo. Shekara goma na yi a ƙasar nan ban ɓuya wa kowa ba. Ba na so in koma gaban mahaifiyata da sunan wanda ya gudu.

Ina nan a masauki, ɗaki na biyu daga matakala, ina jiran kiranka. Allah Ya ƙara maka lafiya da ɗaukaka, Ya sa ka zama sanadin warware wannan al'amari.

Naka mai biyayya,

Sha'aban Bashari Malumfashi
Ma'aikacin tsafta, rukunin safe.