Baban Auta Ya Koma Aji

Zuwa ga Yayata abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara wa ƙafar nan taki sauƙi. Mu nan lafiya lau, Inna ma ta warware har ta koma faɗan da ta saba, wanda kin san shi ne alamar lafiyarta.

Yaya, maganar Auta ce ta sa na ɗauki biro. Kin tuna mun yi da ke cewa idan ta sake faɗuwa lissafi, har makaranta ta ce sai ta maimaita aji biyu na ƙaramar sakandare, zan tattara ta in kawo miki ta yi karatu a wurinki. Da baki kawai na amsa miki, amma wallahi tun ranar ko abinci ba ya min daɗi. Ita kaɗai ta rage min a ɗaki.

To, malamar lissafinsu ta kira mu, ni da babanta. Ta ce abin da ya ɗaure mata kai shi ne aikin da Auta ke yi a aji da dama-dama, amma wanda take yowa daga gida ko ɗaya ba ya faɗawa daidai. Ta tambaya ko akwai mai taimaka mata. Na juya na kalli mutumin naki, shi kuma ya kama kallon fanka kamar ita aka kira shi ya gyara. Ashe duk yamma in ya dawo daga wurin walda shi ke karɓe littafin ya yi mata, wai don ta huta.

Malamar ba ta yi faɗa ba. Ta ce makaranta ta buɗe ajin iyaye duk Asabar da safe, ana nuna musu yadda za su taimaki yara ba tare da sun riƙe musu biro ba. Na ce zan je, babanta ya ce a'a, shi ya ɓata shi zai gyara. Kin dai san girman jikinsa. Ranar farko kujerar yara ta kama shi tamau, sai da aka taru aka zare shi. Wannan bai dame shi ba. Abin da ya dame shi mai kantin bakin layinmu ne, wanda shi ma 'yarsa na ajin. Malama ta tambayi nawa ne rabi in an haɗa shi da kwata, Baban Auta ya miƙe da ƙarfinsa ya ce biyu bisa shida. Mai kanti ya yi dariya har da dukan cinya, kuma daga ranar in Baban Auta zai wuce ƙofar kanti da Biyu-bisa-shida ake gaishe shi.

Ya dawo gida fuska a murtuke. Can na ji yana raɗa wa Auta ta koya masa, kada ta gaya min, a gidan da ko tari ka yi kowa ya ji. Ita kuma da ta ga za ta ji kunya a gabansa, sai ta fara tsayawa darasin bayan tashi, wanda na yi ta roƙonta ta shiga tana ƙi. Har ɗakin karatu take zuwa aro littafi. Yaya, ban taɓa ganin muguwar malama irinta ba. Ta ƙwace masa waya, in ya yi kuskure ta ce ya sake daga farko. Ran nan ta yanka lemu gida huɗu za ta nuna masa kwata, kafin ta ɗauko biro ya shanye uku, Inna na gefe tana cewa ai wannan lissafin ya iya shi tun tuni.

Sakamako ya fito makon jiya, Auta ta haye. Ba ta zo ta ɗaya ba, ba ta ma kusa ba, amma ta haye. Don in ji ta bakinta, na ce mata makarantar wurinki fa ta fi tamu, ko har yanzu tana so ta tafi. Ta dube ni kamar na yi saɓo. Ta ce ita ba inda za ta, zango mai zuwa za a shiga lissafin da ake sa haruffa a ciki, in ta tafi ta bar Baba, mai kanti ɗanye zai cinye shi. Ashe babanta yana bakin ƙofa yana ji. Ya juya ya fita yana murza ido, wai hasken walda ne ya taɓa shi. Ni dai ba ni da waldar da zan laƙa wa, kuka na yi sosai.

Don haka ki yi haƙuri, Yaya, 'yarki ba za ta zo ba sai hutu. Na gode da kika buɗe mata gidanki, Allah ya bar zumunci. Ki gaishe min da maigidan, da babbar 'yarki, da tagwaye, da Gwaggo. Inna na gaishe ki. Baban Auta ma na gaisuwa, ya ce in tagwaye na da matsalar lissafi a turo masa. Don Allah kada ki turo.

Taki ƙanwa har kullum,
Maman Auta