Jif ɗin Baba Ta Haye Laka

Tudun Fulani, Minna.

Yaya Ndagi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau. Yaya jikinka, yaya aiki? Yaya Anti Hawwa da yara? Mu nan lafiya lau.

Yaya, jif ɗin marigayi Baba da ka ce in sayar ta fitar da mu kunya. Wata uku tana mutuwa a hanya, har Malam Bulus, bakanike a Dutsen Kura, ya gano ruwa ke shiga tankin gas. Ya ce, "Injin nan ba abin da ya same shi." Ya wanke tankin, ya canza filta.

Ranar Talata da safe naƙuda ta kama ƙanwarmu Asabe a ƙauyensu bayan Gidan Kwano, ga ruwa ya kwana biyu yana zuba. Na tafi ɗauko ta a jif ɗin, na tarar motoci biyu sun kafe a laka. Na sa giyar ƙafa huɗu, jif ɗin ta yi gurnani ta haye, ko sau ɗaya ba ta mutu ba. Kafin azahar muna asibiti. Asabe ta sauka lafiya, tagwaye ne mata.

Ka gaishe da kowa. Ku sa su a addu'a, domin ƙaramar ba ta kama nono sosai ba tukuna.

Ƙanenka,
Aliyu