Zan Fito a Mugu, Inna Kuwa Ba Ta Fashin Sauraro

Anti mai ba da shawara, ki taimaka mini, murna na neman zame mini ciwon kai.

Ni mai gyaran agogo ne, amma tun ina yaro burina in shiga wasan kwaikwayon rediyo. Sau huɗu ina zuwa gwaji ana cewa za a neme ni. Makon jiya aka kira ni, an ɗauke ni! Wallahi da agogon mutane a hannu na fice daga shago, ko rufewa ban yi ba. A takardar da darakta ya ba ni, gefen sunana an rubuta villain. Ni da Turancina bai wuce na bayan agogo ba, na ɗauka wani babban muƙami ne, na bi maƙwabtan shago ina shelar na zama villain. Sai da ƙanwata malamar makaranta ta gani, ta yi dariya har da hawaye, wai mugu ke nan. Ashe ni ne kawun da zai ƙwace gidan marayu.

Ni ko a jikina, don maganata ta fi ta kowa yawa a wasan. Matsalar Inna ce. Rediyonta na gefen tabarma kullum, kuma duk mugun da ya buɗe baki a shirin sai ta ɗaga hannu ta ja masa Allah ya isa. Bakin uwa fa, Anti. In ba ta gane muryata ba, ta tsine mini. In ta gane, ranta ya ɓaci. In haƙura da wasan, ko in ɓoye mata?

Mai Agogo

Mai Agogo, barka da arziki. Ƙanwarka ta faɗi daidai. Villain mugu ne, an fi faɗinsa ga mugun cikin labari ko wasa, wanda jarumi ke fafatawa da shi. A wajen wasa kuwa zagi ne, don haka ka daina tallarsa.

Tsoronka na bakin uwa yana kan hanya, amma ɓoyewa ba za ta yiwu ba. Matar da ta san kukanka tun kana goye ba za ta kasa gane muryarka ba. Haƙura kuma asara ce bayan gwaji huɗu. Ɗauki takardar wasan ka zauna gaban Inna, ka karanta mata da muryar da za ka yi, ka nuna mata yadda kawun zai ƙare. Ka nemi albarkarta kafin a ɗauki murya.

Ranar da za a sa shirin, ka zauna kusa da ita. In ta ja wa kawun Allah ya isa, sannan ta juyo ta sa maka albarka, to ka iya aikinka. Allah ya ba da sa'a, ka gaishe mini da Inna.