Sitikar Bayan Waya da Kunnen Nusaiba

Zuwa ga Alhaji, shugaban masu shagunan waya na unguwarmu, Ƙofar Kaura.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya da iyali da abokan sana'a, ni malamar kimiyya ce a wata sakandaren 'yan mata. Na rubuto a fili ne don iyaye su gani.

Na ɗaya. Ɗalibata Nusaiba, yarinya mai ƙwazo, ta fara karkato kai idan ina magana a aji. Ashe kunne ke damunta. Mahaifiyarta ta je gyaran waya a layinku, ta ambaci ciwon. Nan take mai shagon ya ce radiyeshan ne, wato tiririn da waya ke fitarwa. Ya manna mata wata sitika mai ƙyalli a bayan wayar, ya ce an gama. Uwa ta samu natsuwa, aka fasa zuwa asibiti. Sai da ruwa ya fara fita daga kunnen aka kai ta. Likita ya ce ƙwayar cuta ce, kuma an yi jinkiri. Yanzu a layin gaba take zama, tana kallon bakina.

Na biyu. Na sayi sitikar, muka ɓare ta a aji. Takarda ce da gam. Babu sunan kamfani, babu lambar wata hukuma. Muka manna wa wayata, kira ya shigo lafiya lau. Alhaji, da wannan tiririn waya ke magana da turken sadarwa. In sitika ta tare shi, ta ina kiran ya bi? Masana na ci gaba da bincike kan illar waya, ban musa ba. Amma wa ya gwada wannan? Me ya sa ake ajiye ta ƙarƙashin kanta, sai an ga mace mai damuwa a fito da ita?

Ina roƙo ka nuna mana wanda ke kawo ta da shaidar gwajinta. In babu, a janye ta. Kuma ka gargaɗi yaranka: mai ciwo asibiti ake tura shi.

Allah Ya ƙara maka girma, Ya tsarkake kasuwarku, Ya mayar wa Nusaiba jinta kafin jarrabawa.

Wassalam.
Malamar Nusaiba