Yatsan da Kika Hana Lalle

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifiyarsa, ina fatan Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Mu nan Dilimi lafiya lau, sai ruwan da ya ƙi ɗaukewa da sanyin da kika sani.

Na rubuto ne in ba ki labarin zaɓe, tunda a duk ɗalibaina ba wanda ya kai ki naci a kan wannan darasi.

Kin tuna da aka ce sojoji za su koma bariki, aka umarce mu malamai mu koya wa yara yadda mulkin farar hula yake, mu da muka kusa mance kamanninsa? Kafin in kai darasin aji, a gabanki nake gwada shi, kina juya waina a tanda. Na ce miki jama'ar ƙasa ta yi yawa, ba zauren da zai ɗauke ta, shi ya sa kowane yanki ke zaɓar mutum guda ya je majalisa ya yi magana da bakinsu. Akwai ta wakilai, akwai ta dattawa, ko da yake wasu dattawan ko furfura ba su fara ba. A kawo ƙudiri, a sha gardama, masu rinjaye su amince, shugaba ya sa hannu, ya zama doka.

Kika ce, "To Mai Alli, in wanda muka aika ya je ya yi barci fa?" Na ce sai a jira zaɓe na gaba a sauya shi. Kika ce ke ɗan aikenki in ya wuce la'asar bai dawo ba, da kanki kike bin sawunsa. A aji ban taɓa samun tambaya mai kyan wannan ba. Su damuwarsu ko abin zai fito a jarrabawa.

Wakilci kuwa ba sai an koya miki ba. Ranar ɗaurin aurenki wani ne ya amsa a madadinki. Da ramin kuza ya rufta da Baba, Kawu ne ya je ofishin kamfani da sunanki. Da aka yi rigimar iyakar gida ni na tsaya gaban mai unguwa, kina bayan ƙyaure kina jin yadda nake ɓata miki hujja. A zaɓen zamanin da, ku matan Arewa ko tambayarku ba a yi ba. Sai yanzu aka ce kowace mace za ta je da ƙafarta ta dangwala da hannunta.

A wani gidan biki wata ta ce muku lalle yana hana tawada kama yatsa, ƙuri'a ta lalace. Na rantse miki ba haka ba ne. Kika ce littattafaina ba su taɓa yin ƙunshi ba. Tun daga ranar, in kin ƙunsa hannu sai ki tsallake babban yatsan dama. Haka kika je sunan jikarki a Gada Biyu, mata na ta yi miki tsiya, kina ɗaga musu shi kamar tuta.

Zazzaɓin da ya tafi da ke ya zo da farkon damina. Saura 'yan makonni kawai a yi zaɓe, Inna.

Ranar zaɓe layin mata ya zagaye firamaren unguwa har ya fita titi. Ƙawarki Gwaggo Ladi ta hango ni, ta ɗaga mini yatsanta daga ƙarƙashin mayafi. Babu lalle.

Na shiga rumfa da niyyar in ba da ƙuri'ata ga wanda kike so. Sai da takarda ta zo hannuna na tuna ban san shi ba. Na sha tambayarki, amsarki ɗaya ce: "Ba kai ka ce asiri ne ba?" Mutane nawa na koya wa wannan, ba wanda ya riƙe sai ke. Na daɗe a tsaye har jami'in zaɓe ya yi gyaran murya. Na dangwala inda nake zato.

In na saɓa, ki yafe mini. Wannan karon ma wani ne ya je miki.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya sada ki da Baba a Aljanna. Ranar da kowa zai tsaya ya amsa da bakinsa, Allah ya sauƙaƙa miki tsayuwa.

Ɗanki,
wanda kike kira Mai Alli