Ramin ƙofar Lantana

Assalamu alaikum Yaya Habi,

Ki gafarce ni da damunki. Ya gida, ya Malam da yara, ya ƙafar taki?

Tirelolin hatsi masu zuwa Gusau sun cinye kwaltarmu ta Tsafe. Lodi ya danne sifirin ɗin ƙafafun motocin, tayoyi suka yi ta dukan hanya, har rami ya buɗe daidai ƙofar Lantana maƙwabciyata. Yanzu dole direba ya taka birki a nan, sai ya sayi wainarta. Ni ƙofata sumul, tawa wainar a kwano take hucewa.

Jiya, Yaya, har fata na yi tawa kwaltar ta tsage. Na yi istigfari, amma zuciyar ba ta kwanta ba. Ki sa ni a addu'a, ki gaida Inna. Don Allah ki amsa da wuri.

Ƙanwarki,
Asabe