Na Mayar Da Tukunyarki Kurmi, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Hajara,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uwa, da fatan Allah Ya yalwata miki makwanci, ina rubuto miki ne daga ɗakinki na Inkil, inda har yau carbinki ke rataye a ƙusar da kika bar shi. Na san akwai masu leƙe ta bayan kafaɗata, waɗanda tun makon jiya suke yanke mini hukunci ta waya. Su karanta. Amma da ke nake magana.

Inna, na je kurmi. Na kwana can cikin mutanenki, na kai tukunyarki, an kira sunanki. Ta nan Yaya Aminu bai yi mini ƙarya ba a saƙon muryar da ya aika wa dangi. Sauran abin da ya faɗa, wai na je bautar gumaka, wai sai na sake kalmar shahada kafin 'ya'yansa su ƙara cin abincin gidana, shi ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Bari in fara daga ranar addu'ar ukunki, tunda shi bai fara daga nan ba.

A gidansa na GRA aka yi zaman makoki. An kafa rumfa, motoci sun cika layi. Wajen hantsi sai ga wani tsoho ya sauka daga acaɓa, da sanda, da jakar fata a kafaɗa, ƙafarsa duk jar ƙasa. Ina hango shi ta taga na gane goshinki. Kawu Sambo ne, yayanki uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya rage a kan dutse yana bin addinin kakanninku. Yaya Aminu ya tare shi tun a bakin ƙofa, ya sa aka ba shi benci kusa da ɗakin maigadi. Da wani babban baƙo ya tambaya, da kunnena na ji ɗanki na fari yana cewa wani tsoho ne da ke yi mana aikin gona.

Wanda ya goya ki, Inna. Wanda ya rako ki Bauchi kina budurwa da kwandon acca a ka, ya tsaya har kika sami wurin sayar da abinci a bakin barikin Shadawanka. Shi aka mayar ɗan ƙodago a makokin ƙanwarsa.

Na fita na durƙusa na gaishe shi a gaban kowa. Bai yi ƙorafin benci ba. Ya ce abu ɗaya ya zo nema. A al'adarku, in 'yar gida ta mutu a nesa, ana mayar da tukunyar girkinta kurmi lokacin bikin ƙarshen bazara, kafin a yi shuka, a kira sunanta cikin waɗanda suka riga mu. 'Yarta ce ke kaiwa. In bikin ya wuce ba a kai ba, ba a ƙara kiran sunan har abada. Ya ce shi ya tsufa, in ya tafi babu sauran wanda zai tuna ya tambaya.

Na yi watanni ina juya maganar. Ba jahila ba ce ni, kin tsaya na yi karatu, na boko da na allo. Na buɗe littattafai, na tambayi malamin da na yarda da iliminsa ba da tsawon rawaninsa ba. Ya ce kada in yi sujada ga kowa sai Allah, kada in ci yankan da ba a ambaci sunanSa ba, kada in roƙi matattu komai. Zumunci kuwa, ya ce, ba a taɓa ɗauke mana shi ba don dangi sun saɓa mana addini. Da wannan na tafi, da shi na dawo.

Kin san tukunyar. Ta dalma, wadda kike dafa gwate a ciki, mai kunne ɗaya a lanƙwashe. Ba ki taɓa bari mu kankare gindinta ba. In na ɗauko soson ƙarfe sai ki ƙwace ki ce, "Tukunyar da ba ta yi baƙi ba, ba ta ciyar da kowa ba." Na ɗauka ɗabi'ar ƙauye ce kawai.

Ana gobe zan tafi na fito da ita na dube ta. Baƙi ya yi mata kauri kamar kwalta. Sai na ce a raina, a'a, ba za a ce 'yar Hajara ta zo daga birni da ƙazamar tukunya ba. Na zauna da toka da yashi da soson ƙarfe, na goge ta har yatsuna suka yi jini, har na ga fuskata a gindinta. Na naɗe ta a sabon zane. Ina alfahari, Inna. Na zaci girmama ki nake yi.

Mota ta ajiye ni inda hanya ta ƙare, na hau dutsen da ƙafa. Kurmin yana bayan gari, tsakanin duwatsu, itatuwan da ba a taɓa sa musu gatari ba. Ana shiga zafin bazara ya ragu kamar an rufe ƙofa. Duk garin ya tashi ya koma can, kowane gida da bukkarsa ta rassa da ciyawa, mata gefe, maza gefe, kuma ba mai komawa gida sai an gama. Ba a kawo wuta daga gari, a can ake murza itace a ƙyasta sabuwa, kowace mace ta ɗiba. Akwai ganguna da ƙaho, akwai tulunan burkutu, akwai can ciki inda mata ba sa shiga. Ban sha ba, ban ci naman yankansu ba, ba wanda ya matsa mini. Da lokacin salla ya yi, wata mata ta kawo mini ruwa a ƙwarya ta nuna mini gabas, ta kori awaki daga inda zan shimfiɗa ɗankwali.

Sunanta Rifkatu, 'yar Kawu Sambo. Ma'aikaciyar jinya ce, Kirista, ta zo da zanen zumuntar matan cocinsu. Ita ma ba ta shan burkutu, ita ma ta sha magana kafin ta taho. A Bauchi take zaune, Inna. Gari ɗaya muke da 'yar yayanki shekara da shekaru, wataƙila mun sha gogar kafaɗa a kasuwa, ba wadda ta san 'yar uwarta. Wannan ma a wuyan wa za a rataya shi?

Washegari da safe aka kai ni wurin tsofaffin mata. Babbarsu Iya Laraba, wadda ta ce tare kuka yi tallar itace kuna yara. Na kwance zanen na miƙa tukunyar da hannu biyu. Ta karɓa, ta juya gindinta, ta shafa da babban yatsa, ta dubi yatsan. Wata tsohuwa ta kama baki. Iya Laraba ta yi magana da yarenku, Rifkatu ta fassara mini a hankali, tana kallon ƙasa.

Ashe ba tukunyar ake so ba, baƙin ake so. Da baƙin gindin tukunyar mace ake shafa alama a ɗan dutsen da ake ajiye mata a kurmi, domin shi ne shaidar wutar da ta hura da bakunan da ta ciyar. Ni kuwa na kankare girkin rayuwarki kaf na zubar a kwata.

Iya Laraba ta ce, da Hausarta irin taki wadda gwaggonninmu suka yi shekaru suna kwaikwaya suna dariya, "Wannan tukunya bai san kowa ba."

Ban yi kuka irin na ranar ba ko da aka fito da makararki. Na fusata da kaina, na fusata da gidan da ya koya mini cewa duk abin da kika taho da shi daga kan dutse datti ne da ake wankewa. Sunanki sun wanke shi ranar da kika musulunta. Yarenki sun wanke shi, ba ki koya wa ɗayanmu ko kalma ba don kada a kira mu 'ya'yan tubabbiya, kuma duk da haka an kira mu. Kin yi salla fiye da shekarun da Yaya Aminu ya yi a duniya, kin yi azumi, kin je Makka, amma har kika mutu in an tashi zancen asali sai a yi ƙasa da murya. Sai ga shi ɗan abin da kika hana a taɓa, ni da hannuna na ƙarasa musu aikin.

Tsofaffin suka yi ta shawara. Wasu suka ce ba gyara. Kawu Sambo yana zaune nesa, don ba hurumin maza ba ne, ya sunkuyar da kai a kan sandarsa. Daga ƙarshe Iya Laraba ta yanke: a ba ni murhu da itace, in dafa abin da kike dafawa a cikinta, su ci. In hannunki yana cikin nawa, baƙin da zai hau naki ne. In babu, in ɗauki tukunyata in koma.

Aka kawo acca, da yakuwa, da gauta, da wake, da gyaɗa. Suka kewaye ni suka zauna. Ni da na yi shekaru ina girki da gas, hayaƙi ya cika mini ido, wata ta ce da alama 'yan birni da waya suke hura wuta, aka yi dariya. Na yi yadda na gani kina yi. Wake tukuna. Gauta a fasa da hannu, ba da wuƙa ba. Yakuwa sai an kusa saukewa, dakakkiyar gyaɗa daga ƙarshe. Gwaten da in kin dafa gwaggonninmu suke cewa a buɗe taga, abincin arna ya cika gida.

Da ya nuna, na ɗebo kaɗan a bakin muciya na ɗiga a kan dutsen murhu, sannan na sauke. Ban yi tunani ba. Haka kike yi kullum, haka na tashi ina yi ko a kan gas, na zaci gwada kauri ne.

Iya Laraba ta dafe ƙirji ta kira wani suna. Sauran suka ɗauka. Ta jawo hannuna ta juya shi tana kallo kamar ta tsinci abin da ya ɓata mata tun tana yarinya. Ba su ma jira sun ɗanɗana ba.

Na tambayi Rifkatu ma'anar ɗigon. Ta ce rabon waɗanda suka yi girki kafin mu ne, kowace mace a nan tana yi.

Inna, wannan ne abin da ya hana ni sukuni, ba saƙon Yaya Aminu ba. Me kike nufi da shi duk shekarun nan, ke da ba ki taɓa barin asuba ta wuce ki ba? Sabo ne kawai ya zauna a hannu? Ko kuwa uwarki kike tunawa, wadda ba a bar ki kin je jana'izarta ba, kuma ba ki da inda za ki ambace ta a gidanmu sai a bakin murhu? Ba zan iya tambayarki ba. Na bar wa Wanda Ya san abin da ke cikin zukata, kuma na san Ya fi 'ya'yanki adalci.

Da la'asar aka kai tukwane gindin wata babbar itaciya. Akwai tsofaffin na ƙasa da suka farfashe, akwai na dalma irin taki da yawa, na matan da suka mutu a Jos, a Kaduna, a Legas. Iya Laraba ta shafi gindin taki. Baƙin ɗan siriri ne, na wuta ɗaya, amma ya kama yatsa. Ta shafa a wani ƙaramin dutse kusa da na uwarki. Sai Kawu Sambo ya miƙe ya kira sunan da aka raɗa miki ranar da aka haife ki, wanda ban taɓa ji ba sai ɗazu a bakin Iya Laraba. Wumba. Al'ada ce 'ya ta amsa. Na amsa da Hausa, don ita kaɗai kika bar mini. Na ce, "Wumba ta dawo." A zuciyata kuma ina karanta miki Ƙulhuwallahu.

Wannan shi ne bautar gumakan da na yi. Duk mai ganin imanina ya zube a nan, ya fara gaya mini inda nasa yake ranar da aka zaunar da kawunsa a bencin maigadi.

Ba zan roƙi Yaya Aminu ya bar 'ya'yansa su zo ba. Amma ƙaramarsa tana kama da ke, Inna, goshin nan da tafiyar nan, kuma duk ranar da ta tambaye ni daga ina kakarta ta fito, zan faɗa mata sunan dutsen, in faɗa mata sunanki duka biyu. Rifkatu ta zo gidan nan shekaranjiya. Ta zauna a kan tabarmarki, ta fara koya mini gaisuwar safe da yarenku. Harshena yana karyewa, tana dariya, ni kuwa ina tuna yadda aka yi wa taki Hausar dariya kika haɗiye.

Na sayi sabuwar tukunya. Na kafa murhu a bayan ɗakinki. Ta fara yin duhu a gindi, na kuma gaya wa duk mai wanke-wanke a gidan nan cewa ciki kaɗai ake wankewa.

Allah Ya gafarta miki, Ya karɓi sallolinki da azuminki, Ya sa abincin da kika ciyar ya zama nauyi a mizaninki. Abin da kika yi bisa sani da wanda hannu ya yi bisa sabo, Ya lulluɓe su da rahamarSa. Ya ba Kawu Sambo lafiya, Ya shiryar da mu baki ɗaya, Ya tausasa zuciyar ɗanki, Ya rage mini zafin tawa. Ya haɗa ni da ke inda ba a tambayar kowa daga wane dutse ya sauko. Amin.

Taki har kullum,
Bilkisu, 'yar Hajara, 'yar Wumba.